Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye: Ziyarar Kwana Uku a Birnin Amstadam

Gabatarwa

Sunan ƙasar Holan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Mata sun san shi a bakin 'yan atamfa, domin kuwa 'yar Holan ita ce kan gaba a akwatin lefe, kamfanin Vlisco da ke buga ta kuma yana garin Helmond tun 1846. Masu shayi sun san shi ta madarar Peak, wadda asalinta daga can ne. Mutanen Kano kuwa sun shekara da shekaru suna ganin jiragen KLM na sauka a garinsu, kafin a daina a 2012. Amma fa sanin sunan ƙasa daban, sanin yadda za a shiga babban birninta a fito cikin kwana uku ba tare da an yi asarar kuɗi da lokaci ba shi ma daban.

Masu irin wannan gajeriyar ziyara ba su da wuyar ganewa: ɗalibin da ke karatu a Jamus ko Faransa ya sami ɗan hutu, ko malamin da ya halarci taro ya rage masa 'yan kwanaki, ko ɗan kasuwar da hanya ta biyo da shi. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, Amstadam ƙaramin gari ne wanda ƙafa ke iya ratsawa, amma ƙofofinsa ƙunci gare su, kuma masu garin da gangan suke ƙara ƙuntata su. Saboda haka mafi yawan aikin ziyarar a gida ake yin sa, tun makonni kafin a ɗaura kaya.

Garin da Fasalinsa

Tsarin mulkin Holan ya ce Amstadam ne babban birni, amma gwamnati da majalisar dokoki da ofisoshin jakadanci suna birnin Heg, wanda masu ƙasar ke kira Den Haag, tafiyar kusan minti 50 a jirgin ƙasa. A can ne Kotun Duniya take, wadda ta yanke hukunci a kan Bakasi tsakanin Nijeriya da Kamaru a 2002. Wanda duk wata hulɗa ta hukuma ta kawo shi, sai ya san cewa ba a Amstadam zai yi ta ba.

Sunan garin ya samo asali ne daga madatsar da aka yi wa kogin Amstel, shi ya sa a takarda ake rubuta shi Amsterdam. Takarda mafi tsufa da ta ambace shi ta 1275 ce, wadda a cikinta sarkin yankin, Floris na Biyar, ya yafe wa mutanen wurin kuɗin fito. Da ita aka yi lissafi aka yi bikin cikar garin shekara 750 a 2025. Mazaunansa sun ɗan haura dubu 900, watau ba su kai ko rabin mutanen birnin Kano ba.

Ƙasar wurin taɓo ce, ba ta ɗaukar gini sai an kafa mata turakun katako har sun taɓa yashi mai ƙarfi a can ƙasa. Fadar da ke dandalin Dam, wadda aka buɗe a 1655 a matsayin gidan hukumar gari, tana zaune ne a kan turaku 13,659. Daga 1613 aka fara haƙa manyan ƙoramu uku da suka kewaye tsohon gari, ɗaya a bayan ɗaya, kamar an kifa ƙore uku an yanka su biyu. Ta ciki ita ce Herengracht, sai Keizersgracht, sai Prinsengracht daga waje. Hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2010. Lalle ne baƙo ya riƙe waɗannan sunaye yadda ake rubuta su, ko da harshensa ya gaza faɗa, domin da ido zai neme su a jikin bango.

Amfanin sanin wannan fasali ga mai kwana uku babba ne. Babbar tashar jirgin ƙasa, wadda aka buɗe a 1889, ita ce cibiya, tana daga arewa, bayanta kuwa faffaɗan ruwa ne da ake kira IJ. Duk wanda ya bi gefen ƙorama, kewaya gari yake yi, ko da yana ganin kamar miƙe yake tafiya. Wanda yake son ya fita daga tsakiya ko ya koma cikinta, gadoji zai riƙa tsallakawa yana ƙirga ƙoramu. Yawancin baƙin da ke ɓata, bin gefen ruwa ne ya yaudare su, su tashi suna fuskantar kudu su tsinci kansu suna fuskantar gabas. Daga tashar zuwa dandalin gidajen tarihi da ke kudu, mai tafiya a ƙasa ba zai wuce minti 40 ba, kuma kusan duk abin da baƙo ya zo gani yana tsakanin waɗannan wurare biyu.

Biza da Zaɓen Lokaci

Mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Gana yana bukatar bizar Shengen, wadda ƙasashe 29 suka yi tarayya a kanta. Tana ba da izinin zaman da bai wuce kwana 90 ba a cikin kwana 180. Tun watan Yuni na 2024 kuɗinta ga babba Yuro 90 ne, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya wadda za ta iya biyan akalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin komowa, da fasfon da zai ƙara wata uku da ƙarfinsa bayan ranar fita. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida. A ƙa'ida ana ba da amsa cikin kwana 15, amma doka ta yarda a ja har kwana 45, sa'an nan samun ranar ganawa ma wani jiran ne. Wanda ke da takardar zama a wata ƙasar Shengen ya huta da wannan duka. Bizar Ingila kuwa ba ta shigar da mutum Holan. Haka nan bizar wucewa, wadda ake bai wa mai canjin jirgi, ba ta ba shi damar ya taka waje da filin jirgin sama, ko da awa goma zai yi yana jira.

Game da lokaci, abin da ya fi zafi da sanyi muhimmanci shi ne tsawon yini. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, yini ya kusa awa 17. A ƙarshen Disamba kuwa gari ba ya wayewa sai ana neman ƙarfe 9, kafin 4:30 na yamma duhu ya shiga, watau yinin bai cika awa 8 ba. Ke nan kwana uku na Yuni ya yi kusan shida na Disamba ga mai son yawo. Musulmi zai ga haka a lokutan salla: a hunturu azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, a tsakiyar shekara kuwa tsakanin lisha da asuba ɗan barci kaɗan ne. Agogon Holan daidai yake da na Nijeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watanni kuma yana gaba da awa ɗaya.

Ruwan sama ba shi da damina a can, kowane wata yana iya sauka, kuma iska takan sa laima ta zama wahala, rigar ruwa ta fi ta. Watan Afrilu yana da kyau amma yana da cunkoso, domin a lokacin ne furen tulif ke buɗewa, lambun Keukenhof da ke garin Lisse yana karɓar baƙi na mako takwas kacal, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Ranar 27 ga Afrilu kuma bikin ranar haihuwar Sarki ne, gari yakan cika har masaka tsinke, motocin haya su daina shiga tsakiya. Mai son kallon taro ya zo, mai son ganin gari ya kauce. Watan Mayu da Satumba su ne suka fi daidaituwa.

Masauki

A nan ne baƙo zai fara jin cewa garin ya gaji da baƙi. A 2021, bayan mazauna kusan 30,000 sun sa hannu a takardar koke, hukumar gari ta kafa dokar cewa kada kwanan baƙi a masaukai ya wuce miliyan 20 a shekara. Tun kafin nan, a 2019, an taƙaita bai wa 'yan yawon buɗe ido hayar gida sukutum zuwa kwana 30 a shekara. A 2024 aka ɗaga harajin baƙi zuwa kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki, aka kuma hana gina sabon otal sai in wani ya rufe. Sakamakon haka a bayyane yake: ɗakuna ba su ƙaruwa, masu nema suna ƙaruwa, farashi kuwa sai hawa, musamman daren Juma'a da Asabar. Wanda ya iya sa ziyararsa tsakanin Litinin da Alhamis ya rage wa aljihunsa nauyi. Wajibi ne kuma ya bincika ko kuɗin da aka nuna masa ya haɗa da harajin, domin wasu masaukai sai ranar biya suke ɗora shi.

Tsofaffin gidajen bakin ƙorama suna da ban sha'awa a hoto, amma an gina su ne tsukakku masu tsawo, saboda tsadar filin bakin ruwa. Matakalarsu a miƙe take kamar tsani, da yawansu kuma babu na'urar hawa. Wannan ne dalilin ƙugiyar da ake gani a goshin kowane gida: ta taga ake jawo kaya da igiya, har yau. Dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko mai babban akwatin tsaraba, ya tambaya kafin ya biya. Masaukan da ke kusa da tashoshin Sloterdijk ko Amstel ko Zuid sun fi sauƙin kuɗi da faɗin ɗaki, kuma 'yan mintoci ne zuwa tsakiya. Abin lura dai shi ne kada arha ta kai mutum inda zai riƙa ɓata awa biyu kullum a hanya.

Ƙofofi Uku

Gidaje uku ne suka fi jan baƙi, kuma dukansu da tikiti mai ɗauke da rana da sa'a ake shigarsu. A kansu ne ake gina sauran shirin.

Mafi wuyar samu shi ne gidan Anne Frank, mai lamba 263 a Prinsengracht. A bayan wannan gida, ta wata ƙofa da aka ɓoye da kantar littattafai, Yahudawa takwas suka ɓuya wa 'yan Nazi daga Yuli 1942 zuwa Agusta 1944, sa'ad da aka kama su. Yarinyar ta mutu a sansanin Bergen-Belsen a 1945 tana da shekara 15. Mahaifinta kaɗai ya tsira, shi ya buga littafin da ta riƙa rubutawa a maɓoyar a 1947, aka kuma mai da gidan wurin ziyara a 1960. Ɗakunan ƙanana ne, an bar su babu kaya, ba su ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda. Don haka ba a sayar da tikiti a bakin ƙofa ko kaɗan, sai ta intanet, a shafin gidan kansa. Kowace Talata ake fitar da tikitin makon da zai zo bayan mako shida, kuma a lokacin cunkoso ba ya jimawa yake ƙarewa. Ma'anar wannan ita ce, ranar da za a shiga gidan ana yanke ta ne wata ɗaya da rabi kafin tafiya, wani lokaci ma tun biza ba ta fito ba. Wanda ya rasa, kada ya saya a hannun 'yan kan hanya.

Na biyu shi ne gidan zane-zanen Van Gogh, wanda aka buɗe a 1973. Yana ɗauke da zanen fenti kusan 200 da na alƙalami kusan 500 da ɗaruruwan wasiƙun mutumin, wanda ya rayu daga 1853 zuwa 1890. An jera aikin bisa shekaru, har mai kallo ya ga yadda launinsa ya tashi daga duhun ƙauyukan Holan zuwa hasken kudancin Faransa. Awa biyu ta isa. Shi ma gara a sayi tikitinsa da kwanaki.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne Rijksmuseum, gidan tarihin ƙasa, wanda aka gina a 1885, aka sake buɗe shi a 2013 bayan gyaran shekara goma. Kayan da aka baje sun kai 8,000, kuma babu mai hankalin da zai ce sai ya gan su duka. Abin da ya dace shi ne a shiga da buɗewa, ƙarfe 9 na safe, a wuce kai tsaye dogon zauren da ke sama, inda aikin Rembrandt da Vermeer yake, kafin ayarin baƙi su iso. A ƙarshen zauren ne babban zanen Rembrandt na 1642 yake, na rundunar masu tsaron gari, wanda faɗinsa ya wuce mita 4. Da ya fi haka, amma a 1715 aka datse gefunansa don ya shiga wani bango a gidan hukumar gari, watau fadar nan mai turaku. Tun 2019 aka fara bincikensa da gyaransa a gaban jama'a, ta bayan gilashi. Wanda bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga.

Akwai wani kati da ake tallata wa baƙi mai suna I amsterdam City Card, wanda ya haɗa shiga gidajen tarihi masu yawa da hawa motocin gari. Sai dai bai haɗa da gidan Anne Frank ba, tun 2022 kuma bai haɗa da na Van Gogh ba. Ba ya biyan kansa sai ga wanda zai riƙa shiga gida uku ko huɗu a yini, wannan kuwa tsere ne, mai yin sa yakan fito bai tuna abin da ya gani ba. Babban gida ɗaya a yini ya wadatar, taura biyu ba ta taunuwa.

Zirga-zirga

Filin jirgin sama na Schiphol yana cikin kwarin wani tafki da aka janye ruwansa a 1852, ƙasa da tsayin ruwan teku. Daga Legas tafiyar kusan awa bakwai ce. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin, kuma cikin minti 20 an isa tsakiyar gari, saboda haka ɗaukar tasi ɓarnar kuɗi ce. A cikin gari akwai taram, watau jirgin lantarki mai bin titi, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas. Ba a karɓar tsabar kuɗi a cikinsu. Mutum zai ɗora katin bankinsa a kan na'ura in ya shiga, ya sake ɗorawa in zai fita, wanda ya manta na biyun za a cire masa fiye da ƙima. Kantuna da yawa ma kati kaɗai suke karɓa, don haka ya kamata matafiyi ya tabbata nasa yana aiki a waje tun yana gida. Jiragen fiton da ke bayan babbar tasha kuwa kyauta suke tsallakar da mutane zuwa arewacin gari.

Haɗarin da ya fi kusa da baƙo keke ne. Kekunan garin sun kai yawan mutanensa ko sun fi, har a 2023 aka buɗe musu ma'ajiya a ƙarƙashin ruwa a gaban tasha, mai ɗaukar kusan 7,000. Hanyarsu jan shimfiɗa gare ta, tana tsakanin titin mota da na masu ƙafa, mahayanta kuma aiki za su, ba su tsayawa. Baƙo ko da ido makaho ne, yakan tsaya a kanta yana ɗaukar hoto, sai ƙararrawa da tsawa. Wanda ya daɗe bai hau keke ba kada ya fara gwaji a tsakiyar gari, inda layin taram ke kama taya. Lambun Vondelpark ya ishe shi.

Rabon Kwanakin

Ranar isowa ta ƙafa ce da ruwa: daga tasha zuwa dandalin Dam, a tsallaka ƙoramu uku zuwa unguwar Jordaan, da yamma a shiga kwalekwalen kewaya gari na awa ɗaya, wanda ke nuna fasalin wurin fiye da kowace taswira. Gidan Anne Frank yana kan wannan hanya, kusa da majami'ar Westerkerk inda aka binne Rembrandt a 1669, kuma masallacin Fatih, wanda da coci ne, yana nan kusa a titin Rozengracht. Rana ta biyu ta dandalin gidajen tarihi ce, a ci abincin rana a kasuwar Albert Cuyp, wadda ke ci tun 1905, kullum ban da Lahadi. Abincin halal ba ya wuya, saboda yawan Turkawa da 'yan Maroko da 'yan Suriname, amma a sauran wurare sai an tambaya, domin naman alade yakan ɓuya a miya da burodi.

Wurare biyu suna bukatar gargaɗi. Shagon da aka rubuta wa coffeeshop ba gahawa ce sana'arsa ba, tabar wiwi ake sayarwa, wadda hukuma ke kau da kai ga 'yar kaɗan daga cikinta, fita da ita daga ƙasar kuwa babban laifi ne. Unguwar De Wallen kuma, wadda ke dab da tasha ta gabashin babban titi, ta mata masu zaman kansu ce, kuma mai iyali zai iya faɗawa cikinta bai sani ba.

Rana ta uku ita ce ake yawan ɓatawa da gudu zuwa wani gari. Ga baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma, gabashin Amstadam ya fi cancanta. Dukiyar da ta haƙa ƙoramun nan ta gina gidajen bakinsu daga teku ta zo, ta hannun kamfanin cinikin Gabas na 1602 da na Yamma na 1621. Na biyun shi ya ƙwace ganuwar Elmina, a Gana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637, ta zauna a hannun Holan har 1872. Jiragen ƙasar sun tsallakar da bayi 'yan Afirka fiye da dubu 500, birnin kansa kuma yana da kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da ya mallaki Suriname daga 1683. A lambun Oosterpark akwai gunkin tunawa da bauta da aka kafa a 2002, a nan ne magajiyar gari ta nemi gafara a 2021, Sarki Willem-Alexander ya nemi tasa ranar 1 ga Yuli 2023. A gefen lambun akwai Wereldmuseum, wanda kafin 2023 ake kira Tropenmuseum, inda aka baje tarihin mulkin mallakar ƙasar ba tare da kwaskwarima mai yawa ba. Daga ɗan'uwansa da ke Leiden ne mafi yawan kayan tagulla 119 na Benin suka fito, waɗanda Holan ta mayar wa Nijeriya a 2025. Wannan gida ba shi da cunkoson sauran, kasuwar Dappermarkt kuma tana bayansa, tsarabarta ta fi ta tsakiyar gari sauƙi.

Mai komawa Afirka ko Ingila zai bi ta wurin duba fasfo, inda layi kan yi tsawo, don haka ana so ya isa Schiphol awa uku kafin tashi. In jirginsa na rana ne, safiyar ranar ba ta cikin lissafin ziyara. In na dare ne, akwai akwatunan ajiyar kaya na haya a babbar tasha, sai ya zuba nasa a ciki, ya fita ta ƙofar baya ya hau jirgin fito, ya kalli garin daga ɗaya gaɓar kafin lokaci ya yi.